Edita da Masu Karatunsa Goma

Ranar da shafinsa na intanet ya cika shekara goma sha biyu, Edita ya tashi da shawarar cewa lokaci ya yi da duniya za ta ji darussan da ya koya. Ba wai duniya ta tambaya ba. Amma mu masu rubutu a shafi, da sai an tambaye mu muke magana, da har yau ba wanda ya san muryarmu.

Shi dai Edita ba edita ba ne. Magatakarda ne a wani ofishi, aikinsa buga hatimi da jera fayil a kabad. 'Yan gidan benen da yake haya ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a ɗan allo ya kafa a ƙofar ɗakin da yake rubutu. Ɗakin asalinsa sito ne. Taga ɗaya gare shi, da tebur, da tsohuwar kwamfuta mai yin tari kafin ta tashi, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa sai ta hagu. Nan yake shigewa kullum idan ya dawo daga aiki ya rufo ƙofa, kuma daga nan ya zuba wa duniya rubutu dubu ɗaya da ɗari takwas da 'yan kai.

Yana zaune ya gama rubuta kan maganarsa da manyan baƙaƙe, "Darussa Goma Sha Biyu Daga Shekara Goma Sha Biyu", sai matarsa ta turo ƙofa, tef ɗin awo a wuyanta. Tela ce, kuma shekara da shekaru kekenta na falo, a matse tsakanin firji da talabijin. A makon nan wata makaranta ta ba ta ɗinkin yunifom ɗari biyu, yadi ya cika falo har babu inda baƙo zai sa ƙafa.

"Malam, siton nan nake so."

"Ofis," ya gyara mata.

"To, ofis ɗin nan nake so. Keke zan sa."

Tana tsaye ta damansa, saboda haka sai da ya kewayo ɗakin gaba ɗaya a kan kujera kafin ya fuskance ta.

"Ranki ya daɗe, kin san mutum nawa ke jiran abin da ke fitowa daga ɗakin nan? Zo ki gani da idonki." Ya nuna mata lambar da ke ƙasan shafin, mai ƙirga masu shiga. "Dubu arba'in da bakwai da ɗari uku!"

"Suna ina?"

"A duniya mana."

"Duniyar nan da nake ciki? Ni dai ban taɓa cin karo da ko ɗaya ba."

A gaskiya lambar ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta gane fuska. Duk wanda ya buɗe shafin za ta ƙirga shi. Edita kuwa yana buɗewa da safe ya ga ko an shiga, ya buɗe a cikin bas, ya buɗe a ofis sau biyar ko shida, ya dawo gida ya tarar lamba ta ƙaru, ya ji daɗi har da lumshe ido. Can ƙasan zuciyarsa ya san da haka, amma wurin nan bai cika leƙa shi ba.

"Ga shawara," in ji matar. "Cikin dubu arba'in ɗin nan ka kawo mini goma. Masu rai, masu ƙafafu, su zo su zauna a kujera ranar Asabar, in tambaye su abin da suka karanta su faɗa mini. Ka kawo su, ɗaki naka ne, ba za ka sake jin bakina ba. Ba ka kawo ba, ranar Lahadi keke zai shiga, tebur ya fito."

"Goma? Haba, kada ki raina ni mana. Ki ce ɗari!"

"Goma dai, Malam."

"To ki fara neman aron kujeru," ya ce yana buga ƙirji. "A ranar zan gabatar da darussan nan a bainar jama'a, ki ga yadda ake karrama marubuci."

A take ya wallafa sanarwa a shafin yana gayyatar masu karatu na kusa da na nesa, yana ba waɗanda ba za su sami wurin zama ba haƙuri tun da wuri. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, babu ko tari. Sai ya tuna da babban masoyinsa, wani bawan Allah da ya shekara bakwai yana yi masa tsokaci a ƙarƙashin kowane rubutu, ba fashi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Rubutu mai kyau! Danna nan domin maganin sanƙo." Edita kuma kullum sai ya amsa masa cikin ladabi, ya gode, ya ce a gaida iyali. Ya zauna ya rubuta masa wasiƙa ta musamman, yana tuna masa da daɗewar zumuncinsu. Cikin daƙiƙa biyu amsa ta dawo, cewa idan ya sayi kwalba biyu za a ƙara masa ɗaya.

Ranar Laraba ya gwada abokan aikinsa. Wanda suke tebur ɗaya da shi tun kafin a kawo kwamfuta ofishin ya ɗago kai daga fayil ya ce, "Wane shafi kuma?" Edita ya haɗiye maganar da ƙyar, ya buga hatimi uku a takardar da ke bukatar ɗaya.

A bas ɗin komawa gida dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai, wata mata ta matsa daga kusa da shi. Ai matarsa ba ta ce masu karatun su zama tsofaffin hannu ba. Cewa ta yi su karanta su amsa. To ga gidan bene cike da mutane! Zai ba kowa rubutu guda ɗaya, mai sanyi, marar ƙashi, irin su "Amfanin Tafiya da Ƙafa" da "Tunanina Game da Ruwan Sama", kowa ya haddace nasa ya zo ya amsa tambaya. Ya ce a ransa wannan ma darasi ne, zai ƙara shi a jerin.

Ya fara da mai aski, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakala.

"Ba na magana da mutum a tsaye," in ji mai aski yana kakkaɓe kujera. "Zauna."

"Ba aski na zo ba, wata 'yar alfarma ce."

"Alfarma ma a zaune take fi shiga."

Edita ya zauna yana bayani, mai aski yana sauraro da kunne ɗaya, idonsa na kan ƙwallon da ake bugawa a talabijin. Aka kai hari, mai aski ya zabura, injin aski ya yi hanya tun daga goshi har tsakiyar kai. Ya dubi aikinsa, ya karkata kai, ya ce sai an daidaita. Ya daidaita dama, hagu ta fi. Ya daidaita hagu, dama ta fi. Kafin a tashi daga wasan Edita ya fito da kai tal kwabo yana sheƙi, amma ya sami mutum biyu, mai aski da abokin sana'arsa.

Nas, ma'aikaciyar asibitin da ke zaune a hawa na uku, ta ce za ta zo da ƙanwarta, in dai zai taimaka ya hau mata da tukunyar gas. Ya ce wannan ai wasa ne, a zamaninsa da hannu ɗaya yake ɗaga irinta. A hawa na biyu wani abu ya ce ƙas a bayansa, ya ƙarasa sauran matakalar da rarrafe yana tura tukunyar a gaba. Mai kanti ya yarda zai zo da matarsa, bayan Edita ya sayi kwalin sabulun da ya shekara a kan kanta ba mai tayawa. Mai kula da gida ya yi alkawarin kansa da matarsa da wansa.

Saura ɗaya, kuma kowa a gidan ya san abin da ɗayan nan zai ci. Baba Direba, tsohon direban babbar bas, yana zaune a bencinsa na ƙofar gida, yana jiran wanda tsautsayi zai kawo.

"Zauna, ɗana. Na taɓa ba ka labarin ranar da birki ya tsinke mini a kan tudu?"

"Sau ɗaya ko biyu, Baba."

"To ba ka ji shi da kyau ba."

Awa biyu cur, Edita na zaune a karkace saboda baya, sauro na cizon sabon kansa, yana cewa "Ikon Allah!" a wuraren da suka dace. Da aka kawo bas ƙasan tudu lafiya, ya tashi da mutum goma cif.

Nufinsa ya buga wa kowa rubutunsa a takarda, ya miƙa masa hannu da hannu. Ranar Alhamis ya lallaɓa wajen firintar ofis, ta ja takarda ta farko ta tauna, ta ja ta biyu ta riƙe, ta fara ƙara da jan wuta. Yana durƙushe hannunsa cikin cikinta har gwiwa, tawada ta ɓata masa riga, sai ga shugaban sashensu tsaye a kansa yana karanta rabin takardar da ta fito.

"Tafiya da ƙafa tana da amfani, ko?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"To yi ta zuwa teburinka."

Ganin haka sai ya ce ai zamani ya wuce takarda. Ya ɗauko waya, ya shiga zauren da 'yan gidan suke da shi a waya don maganar ruwa da shara, ya tura adireshin shafinsa, ya jera wa kowa sunan rubutun da zai karanta. Ya ƙara da cewa, "Kowa ya tsaya a nasa." Bai ma tuna cewa matarsa tana cikin zauren ba.

A nan ya kamata a faɗi abin da ke cikin shafin nan. Shekara biyun farko Edita ya rubuta duk abin da ya sani game da rayuwa, ya ƙare tas. Daga nan sai ya koma leƙen taga. Shekara goma yana rubuta maƙwabtansa, hankalinsa kwance, yana kukan ba a karanta shi, kuma wannan rashin karatun ne ke rufa masa asiri bai sani ba. Ga shi mutum mai son tsari, aikin fayil ya bi masa jini. Kowane rubutu sai ya sa shi a rukuninsa, rukunonin kuma suna jere a gefen shafin, kowanne da adadinsa, don kada mai karatu ya sha wahalar nema. Duk wanda ya buɗe "Amfanin Tafiya da Ƙafa", abin da zai fara gani a hannun dama shi ne: Mai Aski, 47. Nas, 31. Baba Direba, 58. Mai Kanti, 40.

Ranar Juma'a da safe lambar masu shiga ta yi tsallen da ba ta taɓa yi ba, ɗari tara a yini guda, kuma wannan karon ba shi ba ne. Edita ya fito falo yana taka yadi, waya a sama.

"Ranki ya daɗe, kin gani? Ɗari tara! Duniya ta farka!"

"Na gani," ta ce, ba ta ɗago daga keke ba. Wayarta na kife a kan cinyarta.

Ya sauko matakala yana dogara bango saboda baya, amma ƙirji a gaba. Ya gaida Nas, ta dube shi daga sama har ƙasa ta wuce. Mai kanti ya miƙo masa burodi ba tare da ya ce uffan ba. Mai aski na tsaye a ƙofar shago yana wasa reza a hankali, idonsa a kan wuyan Edita. Abin da ya fi ban mamaki, ya wuce ta gaban Baba Direba, tsohon bai ce masa zauna ba.

"Kwarjini ke nan," Edita ya faɗa wa kansa a bas. "Da ba su san da wa suke zaune ba. Dole su ji nauyina."

Asabar da la'asar aka jera kujeru a harabar gidan, inda ake ajiye motoci. Edita ya sa kwat ɗinsa ta zuwa taro, ya kifa hula a kan askin, ya aro lasifika daga wani mai tallan magani. Yana ta addu'ar goman nan su cika, sai ga mutane suna ta saukowa, har da waɗanda bai gayyata ba, kowa da waya a hannu, fuska ba annuri. Kujeru suka ƙare, wasu suka jingina da motoci. Matarsa ta zauna a gefe, a bayan ɗan tebur, da almakashinta a gaba.

Ya sunkuya kusa da kunnenta. "Na ce ki ce ɗari, kika ƙi."

"Fara dai, Malam."

Ya hura lasifika, ta yi wata ƙara da ta sa kowa toshe kunne.

"Jama'a, masu karatuna masu albarka! Shekara goma sha biyu ba kwana goma sha biyu ba ce. Darasi na farko da na koya: marubuci na gaskiya ya san masu karatunsa ciki da waje."

"Wannan kam mun shaida," wani ya ce daga baya.

Edita ya yi murmushi, ya ɗauka yabo ne. "Darasi na biyu: kada ka rubuta abin da ba ka sani ba. Darasi na uku, wanda shi ne mutuncin sana'ar: kada ka taɓa ambatar sunan kowa."

Mai aski ya ɗaga hannu, ya miƙe.

"Malam Edita, tambaya gare ni. Wane ne 'wani mai aski mai haƙorin gwal, wanda shagonsa ke ƙarƙashin matakalarmu'?"

Edita ya gyara riƙon lasifika. "Ai ka ji da bakinka, ban ambaci suna ba."

"Masu aski nawa ne a ƙarƙashin matakalarku?"

"Ka gane, wannan adabi ne. Hoto ne na masu askin duniya baki ɗaya."

"Masu askin duniya ne suka taru suka yanke ka a bayan kunne?" Ya ɗaga waya ya karanta da ƙarfi. "'Duk wanda zai zauna a kujerarsa, ya fara yin ban kwana da kunnuwansa, ya bar wasiyya.' Sau arba'in da bakwai, Malam! Ni da nake yi maka ƙarin turare!"

"Amma ai 'Amfanin Tafiya da Ƙafa' na ce ka karanta."

"Na karanta. Barci ya kusa ɗauke ni, sai na ga sunana a gefe."

"Sana'arka dai, ba sunanka ba."

Nas ba ta jira an ba ta dama ba. "Ni kuma fa? Ina kwana a tsaye ina duba marasa lafiya, in dawo in ɗan runtsa da rana, ashe kana ƙasa kana rubuta minsharina? 'Yau ma an kunna janareta a hawa na uku.' Har da jadawali ka yi, ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza!"

"Bincike ne, 'yar'uwa, na kiwon lafiya."

"Zo asibiti in yi maka bincike."

Mai kula da gida ya taso yana huci, ya ce shi ƙwan fitilar matakala ne laifinsa. Ƙwan ya mutu shekara huɗu ke nan, to sai me? Sai a riƙa yi masa bikin zagayowar shekara a intanet, har da waƙar ta'aziyya? Mai kanti ya ture shi gefe, yana karanto inda aka ce burodinsa na yau, shekaranjiya ma na yau ne.

"Wannan kam gaskiya ya faɗa," in ji Nas.

"Ke yi mana shiru, Janareta," in ji mai kanti.

Harabar ta fashe da dariya, kuma a nan Edita ya gane wani abu da ya fi komai muni: ba nasu kaɗai suka karanta ba, kowa ya karanta na kowa. Mai aski ya san abin da mai kanti ya taɓa faɗa a kan haƙorinsa. Matar mai kanti ta san inda mijinta ke ɓoye sigari. Wan mai kula da gida, wanda ko a gidan ba ya zaune, ya zo ne kawai don ya ga Janareta ido da ido. Ana nuna juna da yatsa, ana karanto wa juna, wanda ya gama dariyar wani sai a karanto nasa ya murtuke.

Sai Baba Direba ya miƙe a hankali, ya dafa sandarsa.

"An karanta mini nawa," ya ce. "Wai shekarar farko fasinja takwas ne da tudu ɗaya. Wai bana sun kai sittin, tudu uku, har da gada." Ya dubi Edita. "Ɗana, ni da nake zaton kana zama ne don kana jin daɗin hirar."

"Wallahi ina saurare, Baba."

"Kana ƙirga dai."

Wannan ta shige shi fiye da duk zagin da aka yi masa, kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido. Ya fara ja da baya yana cewa za a ɗan tafi hutun minti biyar. Wayar lasifika ta harɗe masa ƙafa, ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin bokitin wankin mota, hula ta yi nata wuri, kan nan ya fito yana ɗaukar ido.

"Ka ga aikin masu askin duniya," in ji mai kanti.

Matar Edita ta buga almakashi a kan tebur sau uku. Ta miƙe, ta bi mutane da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi.

"Ashirin da uku," ta ce. "Ba sai na yi wa kowa tambaya ba, na ji da kunnena, kun karanta har kun fi mai rubutun sani. Malam, ka ci. Ɗaki naka ne."

Edita ya fito daga bokiti, ruwa na ɗiga daga kwat. Duk da halin da yake ciki sai da ƙirjin nan ya ɗan motsa. "Kun ji ko? Jama'a ku shaida, na ce mata..."

"Da ni ashirin da huɗu," ta ce. "Ni ma na karanta."

Ya juyo ya dube ta.

"Kwana biyu na ajiye ɗinkin mutane ina bi ɗaya bayan ɗaya. Na duba gefen nan daga sama har ƙasa. Mai aski na nan. Ƙwan fitila na nan. Kyanwar da ke hawa katanga tana da guda shida. Na ce ƙila ni ba a sa ni a rukuni ba, bari in shiga ciki in nema. Dubu ɗaya da ɗari takwas, Malam. Shekara goma sha biyu ina kai maka shayi ɗakin nan, ina hana yara gudu don kana rubutu. Ko a layi ɗaya ban ga kaina ba." Ta dubi su Nas. "Ku da kuke fushi, ku aƙalla ya gan ku."

Ba wanda ya yi dariya. Edita ya ji duk idanun gidan a kansa, ya san dole ya ce wani abu, kuma da yake shi ne, sai ya laluba cikin darussansa ya cafko wanda ya fi kusa.

"Ranki ya daɗe, ai ƙa'ida ce. Yanzu na faɗa, marubuci ba ya rubuta abin da bai sani..."

Bai ƙarasa ba, ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Nas ta dafe kai. Mai aski ya ce, "Kai, Malam, ko ni ban taɓa yanka mutum haka ba." Matar ta ɗauki almakashinta ta hau sama. Jama'a suka watse kowa da kujerarsa, aka bar shi shi da lasifika.

Lahadi da safe ya shiga ɗakin da ya ci, ya zauna. Lamba tana ta hawa yana kallo. Daga ƙasa mai aski ya ƙwala masa kira ta taga, "Edita! Yau babu sabo? Muna jira!" Abin da ya shekara goma sha biyu yana mafarkin ji ke nan, ga shi ya zo, kuma yatsunsa sun ƙi motsi. Ya fara layi a kan yanayin gari, ya tuna Nas za ta gani, ya goge. Daga falo yana jin ƙarar keke, tana tsayawa duk bayan ɗan lokaci, saboda sai an ɗaga yadi kafin a buɗe firji.

Ya gyara zama, ya rubuta kalma ɗaya a sama: Matata. Ya zauna yana kallonta. Bai san wane launi ta fi so ba. Bai san yaushe ta fara sa tabarau in za ta zura zare ba. Yana nan zaune ta shigo da kofin shayi kamar kullum, ta ajiye, idonta ya faɗa kan kwamfutar.

"Kada ka soma," ta ce. "Lokacin da ba kowa ba ka rubuta ni ba, sai yanzu da duk gidan ke karantawa?"

Ya goge. Ya kashe kwamfutar, ya zare wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe.

"A ina kike so keken ya zauna?"

Ta dube shi. "Gaban taga. Inda teburin yake."

"Teburin kuma fa?"

"Falo, kusa da firji. Akwai wuri, na san shi sosai." Ta naɗe hannun riga, ta kama gefe ɗaya. "Kama can, Malam. Kuma ka durƙusa tukuna, kada ka ce mini da hannu ɗaya kake ɗagawa."

Ya durƙusa, ya kama da hannu biyu.